Allo da Fensir ko Kwamfuta: Muhawara kan Koya wa Ɗaliban Injiniya Zane

Zanen injiniya takarda ce da mai tsara abu yake miƙa wa mai ƙera shi, domin abin ya fito daidai ko da su biyun ba su taɓa ganin juna ba. Kowane layi a cikinta yana da aikin da aka yanka masa. Layi mai kauri yana nuna gefen da ido yake gani. Layi mai tsinke-tsinke yana nuna abin da ke ɓoye, kamar ramin da aka huda a ƙarfe bai ɓulle ba. Siririn layi mai dogon ja da gajere a jere shi ne tsakiyar rami ko sanda, su kuwa layukan da ake jerawa a karkace, galibi a kan digiri 45, suna nuna inda aka tsaga abu don a leƙa cikinsa. Ɗalibin da bai iya karanta waɗannan ba, ba zai iya aiki da magini ko mai walda ko mai sassaƙar ƙarfe ba. Shi ya sa darasin zane yake cikin abubuwan da ake fara koyarwa a kowace tsangayar injiniya.

Masu ƙira sun daɗe suna zana injinansu. Littafin da Isma'il al-Jazari ya kammala a 1206 cike yake da zane-zanen agogon ruwa da na'urorin ɗaga ruwa. Sai dai irin wannan zane yana nuna yadda abu yake aiki ne kawai, ba a ɗora masa rula a ciro awo. Ƙa'idar da ake bi a yau ta samo asali daga Gaspard Monge, masanin lissafi na Faransa, wanda ya tsara yadda za a kwantar da abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan takarda ta fuskoki daban-daban. Sojojin Faransa sun riƙe hanyar a asirce shekaru da dama, sai a 1795 ya koyar da ita a fili, littafinsa kuma ya fito a 1799. A 1822 William Farish na Jami'ar Kambirij ya bayyana zanen aisometirik, mai nuna fuskoki uku a hoto guda, inda layukan tsawo da faɗi suke tashi a kan digiri 30 daga kwance. Daga nan har fiye da ƙarni ɗaya kayan aikin ba su sauya sosai ba: allon zane, rula mai siffar T, rula mai kusurwa uku ta digiri 45 da ta 30 da 60, kamfas, da fensir mai tauri iri-iri. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad a MIT, AutoCAD ta shigo kasuwa a 1982, SolidWorks a 1995. Kafin ƙarshen ƙarni na 20 manyan ofisoshin zane sun jingine allunansu.

Makarantu ba su jingine nasu ba. Har yau ɗalibi yana iya haɗuwa da allo tun a sakandare, inda zanen fasaha yake cikin darussan WAEC da NECO, ya sake haɗuwa da shi a jami'a ko foliteknik. Daga nan muhawarar ta taso. Awannin da tsarin karatu ya ware wa zane kaɗan ne, don haka kowace awa da aka ba allo an ƙwace ta ne daga kwamfuta. Wasu malamai suna ganin a fara da hannu kuma a daɗe a kansa. Wasu suna ganin a zaunar da ɗalibi gaban kwamfuta tun makon farko.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba sa jayayya a kai, wato ƙa'idar jera fuskoki. Ana kallon abu daga gaba, daga sama, da kuma daga gefe, a zana kowace fuska a gurbinta. Tsari biyu ne a duniya. A tsarin kusurwa ta farko, wanda ya fi yawa a Turai, abin da aka gani daga sama ana zana shi ƙarƙashin fuskar gaba, abin da aka gani daga hagu kuma a ajiye shi a dama. A tsarin kusurwa ta uku, na Amurka da Kanada, fuskar sama tana sama, ta dama tana dama. Wata 'yar alama mai siffar mazurari da aka yanke wa tsini, a akwatin bayani na gindin takarda, ita ke faɗin tsarin da aka bi. Wanda ya karanta ɗaya a matsayin ɗayan zai huda rami a hagu alhali a dama ake so, ƙarfen kuma ya tashi a banza. Tambayar ita ce ta wace hanya wannan ƙa'ida ta fi zama a kan ɗalibi.

Babbar hujjar masu goyon bayan hannu ita ce zane yana horar da idon zuci. Injiniya yana bukatar ya juya abu a cikin kansa, ya san yadda bayansa yake ba tare da ya zagaya ba. Idan aka ba ɗalibi fuska biyu aka ce ya fitar da ta uku da fensir, dole ya gina abin a ƙwaƙwalwarsa kafin ya ja layi ko ɗaya. Idan kuwa manhaja ce, zai gina samfurin sau ɗaya, ya danna, fuskoki uku su fito da kansu har da layukan ɓoye, ba tare da ya san dalilin da ya sa wani layi ya fito a tsinke ba. Wannan hujja tana da madogara a bincike. A 1993 Sheryl Sorby da abokan aikinta a Jami'ar Fasaha ta Michigan suka fara gwada sababbin ɗalibai da jarrabawar juya siffofi ta Purdue, suna sa waɗanda suka gaza a wani darasi na musamman. Sun samu cewa wannan baiwa ana koyonta, ba sai an haifi mutum da ita ba, kuma waɗanda suka bi darasin sun fi ci gaba da karatun injiniya maimakon su sauya fanni, musamman mata. Sun kuma lura cewa zane da hannu ya fi aikin kwamfuta zalla haɓaka ta.

Hujja ta biyu ta shafi lokacin da tunani bai nuna ba. Manhaja tana son lamba: tsawon nawa, kaurin nawa, ramin milimita nawa. Mai tsara sabon abu kuwa a farkon lamari bai san waɗannan ba, yana laluben siffa ne. Da fensir zai zana hanyoyi shida a takarda guda, ya soke biyar ba tare da jin asara ba. Wanda ya kwashe awa uku yana gina samfuri a kwamfuta yakan manne wa tunaninsa na farko, don ganin wahalar da ya sha. Eugene Ferguson, masanin tarihin fasaha, ya raba zanen hannu na injiniya gida uku a littafinsa na 1992: wanda mutum yake yi wa kansa yana tunani, wanda yake yi don ba da umarni ga mai fitar da cikakken zane, da wanda mutum biyu suke yi suna magana, fensir yana kaiwa da komowa tsakaninsu.

Wannan na uku shi ne abin da ake gani kullum a wurare irin su Panteka ta Kaduna, inda ake ƙera injinan niƙa da na casa da kayan gyara. Injiniya ya zo da sandar da ta karye, mai sassaƙar ƙarfe ya duba ya ce, "Injiniya, ramin nan ɓullewa zai yi ko tsayawa?" Amsar takan fito ne a bayan kwali ko a kan bencin aiki da alli: layi biyu masu tsinke-tsinke da suka tsaya a tsakiya, da lambar zurfi a gefe. A nan babu mai jiran a buɗe kwamfuta. Haka ma masu aikin kwano da gwangwani suna amfani da abin da littattafai ke kira buɗe fatar siffa. Don yanka kwanon mazurari, ana buɗe kamfas gwargwadon tsawon gangarensa, a ja baka, a auna kewayen bakinsa a kan bakan, a yanka a naɗe. Ɗalibin da ya taɓa yin wannan da hannunsa ya san dalilin da ya sa fatar take fitowa kamar mafici.

Sai batun hali. Allo da fensir ba sa bukatar wuta ko janareta, kuma ɗalibi ɗaya ba ya jiran wani ya tashi daga kujera. Kwamfutar da za ta ɗauki manhajar zane mai nauyi ta fi ƙarfin aljihun iyaye da yawa. Akwai kuma tsofaffin ayyuka, irin su madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968 da matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, waɗanda aka tsara a zamanin allo. Mai gyara irin waɗannan wurare zai riƙa cin karo da zanen hannu muddin suna tsaye.

Masu goyon bayan kwamfuta sukan fara da tambayar inda ɗalibin zai je bayan ya gama. Kamfanin gine-gine ko na ƙira ba ya neman wanda ya iya fere fensir 2H, yana neman wanda zai karɓi fayil ya gyara ya mayar kafin a tashi aiki. Jirgin sama na Boeing 777, da ya fara ɗaukar fasinja a 1995, an tsara shi gaba ɗaya a manhajar CATIA, inda aka haɗa sassansa a cikin kwamfuta aka ga inda suke karo da juna tun kafin a yanka ƙarfe. Injinan CNC, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, daga samfurin dijital ake ciro musu umarni. Lissafin yadda nauyi yake ratsa ƙarfe ko yadda zafi yake bazuwa ma a kan samfurin ake yinsa. A ganinsu, tsare ɗalibi a kan allo kamar tela ne da aka hana hawa keke sai ya shekara yana ɗinkin allura.

Sun fi ƙarfi idan suka zo kan gyara. A kan allo, idan aka sauya faɗin rami daga milimita 20 zuwa 22, sai an bi fuska uku da zanen tsagi da jadawalin kaya ana gogewa, kuma wuri ɗaya da aka manta ya isa ya ɓata aikin. A manhajar da awonta ke ɗaure da juna, lamba ɗaya ake sauyawa komai ya bi. Wannan ya sauya yadda ake tunanin ƙira baki ɗaya. Yanzu ana tambayar wane awo ne ya dogara da wane: shin ramin zai zauna a tsakiya ko da an faɗaɗa farantin, ko kuwa zai tsaya milimita 15 daga gefe? Ɗalibin allo ba ya haɗuwa da wannan tambaya a sarari, alhali ita ce gindin aikin mai tsarawa a yau.

Suna kuma sukar yadda ake ba da maki a darasin allo, kuma sukar tana da gaskiya. Kaso mai yawa yakan tafi kan tsabtar takarda, kyan harafi, da daidaiton layin gefe. Ɗalibi zai kwana yana zana akwatin bayani da jera haruffa, hannunsa ya yi gumi ya ɓata takardar A2, ya sake daga farko, duk ba a zo kan abin da ake son ya fahimta ba. Mai kyan hannu da bai gane komai ba yana iya fin wanda ya gane amma hannunsa ke rawa. Game da tsada, suna nuna cewa Autodesk tana ba ɗalibai lasisi kyauta, akwai kuma FreeCAD da LibreCAD da ba a biyan ko sisi. Game da idon zuci, suna cewa ɗalibin da ya kasa hango abu daga fuskoki uku yakan gane nan take idan ya ga samfurin yana juyawa a gabansa.

Akwai abubuwa biyu da suka faru da kowane ɓangare yake jawowa. Na farko a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, ranar 17 ga Yuli 1981. Akwai wasu gadojin tafiya biyu a rataye, ɗaya a hawa na huɗu, ɗaya a hawa na biyu daidai ƙarƙashinta. A tsarin farko, dogayen sandunan ƙarfe za su sauko daga rufi su ratsa gadar sama su kai ta ƙasa. A zanen ƙira da aka yi daga baya sai aka raba kowace sanda biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Da wannan sauyi nauyin da ke kan mahaɗin gadar sama ya ninka, gadojin suka rufto, mutum 114 suka mutu. Masu kwamfuta suna cewa ga shi nan, zamanin allo ma ba a tsira ba. Masu hannu suna cewa ɗan zane na minti biyar mai nuna inda kowane nauyi yake sauka da ya tona matsalar, kuma irin wannan zane ne ɗalibi yake rasawa idan ya saba da danne-danne.

Na biyu shi ne jirgin Airbus A380. Ofisoshin Jamus da Sifaniya sun yi aiki da tsohon zubin CATIA, na Faransa da Birtaniya da sabo. Da aka zo haɗa jirgin, wayoyin lantarki, waɗanda tsawonsu ya haura kilomita 500, ba su dace da gurabensu ba, abin da ya taimaka wajen jinkirta miƙa jirgin farko har zuwa Oktoba 2007. Darasin da masu hannu suke cirowa shi ne manhaja tana tsufa, ƙa'ida kuwa tana nan. Wanda ya san ƙa'idar zane ta ISO 128 ko ta BS 8888, wadda ta gaji BS 308 a Birtaniya a 2000, zai koyi kowace manhaja cikin 'yan makonni. Wanda maɓallan manhaja ɗaya kawai ya haddace, ranar da aka sauya ta ya koma ɗan koyo.

Idan aka auna hujjojin da kyau, za a ga kalmar "hannu" tana ɗauke da abu biyu da aka cakuɗa. Akwai cikakken zane a kan allo da rula da kamfas, akwai kuma zanen hannu sake, wanda ba ya bukatar komai sai fensir da takarda. Kusan duk hujjoji masu ƙarfi na masu allo, na biyun suke karewa. Darasin Sorby ya dogara ne kan zana siffofin 'yan tubala a takarda mai ɗigo-ɗigo ko gidaje, ba kan tawada da akwatin bayani ba. Zane-zanen da Ferguson ya ambata duka na hannu sake ne. Abin da ake yi a Panteka ma haka. A ɗaya gefen, kusan duk sukar masu kwamfuta a kan na farkon take sauka. Babu wanda zai musa cewa takardar ƙarshe da za a kai wurin ƙira ta fi kyau ta fito daga manhaja. Abin takaici shi ne makarantu da yawa suna ba allo zango guda ko biyu, su bar zanen hannu sake a matsayin abin da ɗalibi zai tsinta da kansa.

Alhali kuwa shi ma yana da dabarun da ake koyarwa. Don jan miƙaƙƙen layi, ana sa ɗigo a farko da ƙarshe, ido ya tsaya kan ɗigon ƙarshe, hannu ya motsa daga gwiwar hannu, ba daga yatsu ba. Ana fara komai da layi mara nauyi da kyar ake ganinsa, sai siffa ta zauna a bi da mai kauri. Don da'ira, ana zana murabba'i, a sa alama a tsakiyar kowane gefe, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a sa wata alama kaɗan gaba da kashi biyu cikin uku daga tsakiya, sannan a haɗa ɗigo takwas ɗin. A zanen aisometirik ana fara da akwatin da abin zai shiga ciki, a riƙa yanke masa sassa har siffar ta bayyana, kowace da'ira kuma ta koma mai siffar ƙwai. Abin da ake nema shi ne daidaiton sassa da juna: idan tsawo ya ninka faɗi a zahiri, ya ninka shi a takarda. Fensir HB guda ya wadatar.

Duk da haka allo bai rasa gurbi gaba ɗaya ba, kuma a nan masu kwamfuta sukan yi gaggawa. 'Yan makonni na aiki da rula da kamfas suna koya wa ɗalibi girman abu. A fuskar kwamfuta, noti mai milimita 6 da ginshiƙi mai mita 6 duk suna iya cika fuskar, linzami ne kawai ake murzawa. A takardar A3, mai milimita 297 da 420, dole ɗalibi ya yanke shawara tun kafin ya fara: 1:1 zai yi, ko 1:2, ko 1:50, kuma ina kowace fuska za ta zauna. Haka kuma haɗa baka da miƙaƙƙen layi ba tare da karaya ba, ko gano inda bututu biyu suke ratsa juna, abubuwa ne da yin su sau ɗaya ko biyu da kamfas yake sa a gane abin da manhaja take yi a ɓoye. Maimaita su zango guda ne ba shi da hujja.

Akwai kuma ɓangaren da babu kayan aikin da yake koyar da shi da kansa, wato sa awo. Ƙa'idojin sanannu ne: kowane awo sau ɗaya ake rubuta shi, a wajen siffa, gajeru kusa da ita dogaye a nesa, ba a ɗora awo a kan layin ɓoye, kuma mai ƙira ba ya ɗora rula a kan takarda don ciro lambar da ba a rubuta ba. Mafi wuya shi ne sassaucin awo. Babu injin da zai sassaƙa sanda ta fito milimita 25 cif, don haka dole a faɗi iyakar da aka yarda ta ƙaru ko ta ragu. Idan sandar za ta shiga boris, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba zai sa ta ƙi shiga ko ta yi lako-lako. Idan aka jera awo uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sassaucin 0.1, kuskuren zai iya taruwa ya kai 0.3 a ƙarshe. Idan kuwa duka an auna su daga gefe guda, kowanne ya tsaya a 0.1 ɗinsa. Manhaja za ta rubuta awo da lambobi shida bayan ɗigo ba tare da ta ce komai ba, kuma kyan fitowar takardar yakan sa malami da ɗalibi su ɗauka an gama.

Aikin da ya fi haɗa waɗannan duka shi ne a miƙa wa ɗalibi wani ɓangaren inji na gaske, kamar fuli ko maƙalar boris, tare da kalifa. Ya zana shi da hannu sake, ya auna ya rubuta, ya gina samfurin a kwamfuta daga zanensa ba tare da ya sake taɓa ƙarfen ba, ya fitar da takarda, sannan a ba wani ɗalibi ko mai injin sassaƙa ya ƙera daga takardar kaɗai. Duk awon da aka manta zai fito fili a mataki na uku, duk wanda aka rubuta a ruɗe zai fito a na ƙarshe.

Cikas ɗin da ya rage na jarrabawa ne. Fayil ana kwafarsa a sauya suna cikin minti ɗaya, kuma ajin da ke da ɗaruruwan ɗalibai da kwamfutoci 'yan ƙalilan ba zai iya zaunar da kowa a lokaci guda ba. Don haka a makarantu da yawa jarrabawar zane za ta ci gaba da zama ta takarda, ɗalibai kuma abin da ake tambaya suke karantawa. Tambayar da ta ce a kwafi cikakken zane da tsabta tana cin awa uku, tana kuma bukatar allo ga kowane ɗalibi. Wadda ta ba da fuska biyu ta nemi ta uku, ko ta kawo zane mai kurakuran awo ta ce a gano su, ana amsa ta da fensir a takardar A4 mai gidaje, kuma malami ɗaya yana iya duba ta aji guda cikin 'yan kwanaki.